Shafi Huɗu Suka Rage

"Na ce ba inda za ki! Ajiye littafin nan," in ji Gwaggo Delu.

"Gwaggo, ni na jawo. Ki bar ni."

"Don ke kika jawo, sai ki ƙara min da taki gawar?"

Hurera ta kalli tabarma. Ƙanwarta Sa'a, 'yar shekara biyar, tana kwance ido buɗe. Kwana uku ke nan ba ta san kowa ba.

Ku matso ku ji yadda aka yi. Bana karatu ya zauna wa Hurera a baki, ta daina bin layi da yatsa. Ranar Laraba ta aro littafin labaran ban tsoro a makaranta. Sa'a ta biyo ta da nata ɗan littafin mai hoton agwagwa.

"Yaya, koya min A."

"Dalla can, ba ni wuri!"

Ta zagaya ta bayan gidansu, gindin tsamiyar da ke kusa da tsohuwar rijiya. Da ƙarfi take karantawa, don ta ji daɗin muryarta. Rana ta yi ja. Aka kira magariba. Ba ta tashi ba.

Sai ta ji an zauna a bayanta. Numfashi mai sanyi a wuyanta.

"Sai me ya faru?"

"Ba na kore ki ba?"

"Sai me ya faru?"

Muryar yarinya ce, amma kamar daga cikin randa. Hurera ta saci kallon ƙasa. Ƙafafu biyu ƙanana. Diddige a gaba, yatsu na kallon baya.

Ta zura a guje. Labari a tsakiya, ba ƙurunƙus. Da isha aka tsinci Sa'a a gindin tsamiyar.

Yanzu ga shi wata magaribar ta kawo kai. Bakin Sa'a ya motsa. Ba muryarta ba ce.

"Sai me ya faru?"

Gwaggo ta yi salati. "Malam na nan tafe da rubutu."

"Rubutu nawa ta sha? Ke kika koya mana ba a barin tatsuniya a buɗe. Shafi huɗu suka rage. Su mai muryar nan take jira."

"Ki karanta mata a nan."

"Na karanta jiya, kina barci. Ba ta ji. A can take son ji."

"Hurera, ba laifinki ba ne. Ina kika san yarinyar ta bi ki?"

Hurera ta kalli Sa'a.

"Na sani," ta ce. "Da nake gudu na gan ta laɓe a bayan tsamiyar, da littafinta a ƙirji. Ta miƙo min hannu. Na wuce ta."

Gwaggo ta saki gefen hijabin Hurera da ta riƙe.

"To jira a kira kawunki. Ba a bin hanyar nan mutum ɗaya. Ko da rana ba a bi."

"Ita ma ita kaɗai na bari."

Ta fizgi littafin, ta buga ƙofar langa-langa har kwano ya amsa, ta fice.