Kujerar Baba Ba Za Ta Shiga Wuta Ba

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu da ke zaune da mahaifiyarta a ɗaki ɗaya cikin gidan haya. Mahaifiyar tana kiranta Auta, ita kuma tana ce mata Inna.

Baban Auta masaƙin kujeru ne. Ya rasu shekara uku da suka wuce. Bai bar musu gona ba, bai bar musu gida ba. Kujera ɗaya ya bari, ta saƙa, wadda ya yi da hannunsa.

Kujerar tana bakin taga. Hannunta na dama har ya yi santsi, don nan Baba yake dafawa. Sau uku dillalai suna zuwa taya ta. Sau uku Inna tana nuna musu ƙofa.

Wata rana Auta tana dawowa daga makaranta, sai ta ga matashi a bakin bola. Ja ne, mai geza, ko yagewa babu. Inna ta sha gaya mata kada ta tsinto kayan bola. Auta ta duba hagu, ta duba dama, ta cusa shi a jaka.

Kullum in Inna ta tafi kasuwa, sai Auta ta ɗora matashin a kan kujerar, ta harɗe kamar sarauniya. In ta ji motsin Inna, sai ta tura shi ƙarƙashin gado.

Bayan mako uku, susa ta kama su. Da safe Auta ta ga ƙuraje jere a hannunta. Inna ma haka. Mai ɗinki, wadda ɗakinta ke jikin nasu, ta fito tana ihu.

"Kuɗin cizo! Ga shi na kama a bakin katifata!"

Mai gidan hayar ya zo. Tsoho ne mai faɗa, kowa Baba Mai-gida yake ce masa. Ya leƙa ɗaki-ɗaki. Da ya ga kujerar, sai ya nuna ta da sanda.

"Ga gidansu nan. Dubi ramuka! Ranar Asabar zan ƙone ta."

"Shekararta goma sha biyu a ɗakina," in ji Inna. "Sai bana ta koyi cizo?"

A makaranta Malama ta ga Auta tana ta susa. Ta kira ta gefe. Auta ta ce, "Malama, kujerar saƙa tana haifar kuɗin cizo?"

"A'a. Suna iya ɓuya a cikinta, amma ba ita ke haifar su ba. Kawo su ake yi, cikin tsohuwar katifa ko matashi. Shi ya sa masu kayan ke yar da su."

Nan take Auta ta tuna da matashin da ta tsinto.

Da ta koma gida, ta jawo matashin, ta buɗa bakin ɗinkinsa. Ga su nan, manya da ƙanana, suna ta yawo. Ta mayar da shi da sauri. Ta so ta gaya wa Inna, amma tsoro ya hana ta.

Ranar Asabar da hantsi Baba Mai-gida ya iso da kalanzir da ashana. Ya tarar Inna ta fito da kujerar tsakar gida. Ta ɗaura ɗankwalinta tamau, ta zauna a kai daram.

"Tashi, baiwar Allah."

"Ba inda za ni. Ka zuba kalanzir ɗinka, ka haɗa da ni."

"Ke dai kin cika taurin kai!"

"Da shi nake ciyar da marainiya. Wanda ya saƙa kujerar nan ba zai dawo ya saƙa wata ba."

Mai ɗinki ta ce, "Yaya, mu fa jininmu ake sha."

"Nawa ma ba zuma suka bar min ba," in ji Inna. Sai ta miƙe tsaye. "To, a kawo farin zane a shimfiɗa. A buga kujerar a kai. In ƙwaro ɗaya ya faɗo, ni da kaina zan ƙyasta ashanar."

Auta ta dubi kujerar. Inna ba ta san matashin ya sha kwanciya a kan kujerar ba. Kuma Inna ba ta magana biyu. In ƙwaro ya faɗo, kujerar Baba ta tafi ke nan.

Mai ɗinki ta shimfiɗa zanen. Baba Mai-gida ya ɗaga sanda.

"Kada ku buga!" Auta ta yi ƙara. "Ni ce! Ni na kawo su!"

Ta ruga ɗaki, ta fito da matashin riƙe da yatsu biyu. Ta ajiye shi a ƙasa, ta buɗa ɗinkin. Kowa ya ja da baya.

"A bola na tsinto," ta ce tana kuka. "Ina ɗora shi a kan kujerar. Tun shekaranjiya na gane, na ji tsoron faɗa."

Inna ta dube ta. Sannan ta ce, "Ni da ke sai mun shiga ɗaki."

"To, kin ji," in ji Baba Mai-gida. "Sun shiga kujerar. Duka biyun za a ƙone."

"Matashi na bola ne, ka ƙone abinka. Kujera ta mijina ce. Wanke ta za a yi. Ba ni kwana goma."

"Kwana ɗaya."

"Kwana ɗaya ko bushewa ba ta yi ba. Tara."

"Uku, kuma na yi miki alheri."

"Bakwai. Ko rabin yini ban ragewa. In ta faɗi gwajin zane ranar, ga ashana ga hannuna."

Baba Mai-gida ya girgiza kai. "Ina tausayin masu ciniki da ke a kasuwa. Na ba ki bakwai."

Aka ƙone matashin nan take.

A ɗaki Inna ba ta doke ta ba. Ta miƙa mata tsohon buroshin haƙori, ta ce, "Tsintuwar laifi ce. Shirun ya fi ta muni. Saura kaɗan ki sa in ƙone kujerar ubanki da hannuna. Ke kika ɓata, ke za ki gyara."

Inna ta riƙa kwarara wa kujerar tafasasshen ruwa. In ta huce, Auta ta bi kowane rami da buroshi da sabulu. Sai su kai ta rana ta wuni. Sau uku suka yi haka a makon. Suka wanke zannuwa da ruwan zafi, suka shanya katifa, suka liƙe tsagar bango.

Auta ta bi ɗaki-ɗaki tana ba da haƙuri. Ta taya mai ɗinki fitar da katifarta. Yatsunta suka yi ciwo, amma ba ta yi ƙorafi ba.

Rana ta bakwai aka shimfiɗa farin zane. Baba Mai-gida ya bugi kujerar ta gaba, ya buge ta ta baya. Ya kifa ta, ya girgiza. Ya sa tabarau ya durƙusa. Zanen nan fari fat, ko ɗigo babu.

Ya miƙe yana haki, yana riƙe da ƙugu. "Wash! Bari in ɗan zauna."

"Zauna," in ji Inna. "Amma a hankali. Makon jiya ƙone ta ka zo yi."

Kowa ya fashe da dariya, har shi. Ya zauna, ya jingina, ya ce, "Kai, mamacin nan ya iya saƙa."

Da suka mayar da kujerar bakin taga, Inna ta ce wa Auta, "Hau. Kin biya ta da hannunki."

Auta ta hau, ta dafa wurin da Baba yake dafawa.

Yara, ku riƙe wannan. Kada ku tsinto kayan da aka yar, ko da sun yi kyau. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa da wuri, kafin a ɗora laifin a kan wanda bai yi ba.