Wando Mai Gwiwar Kirgi

Ran kasuwar Tasawa ce, a shekarar da soja suka karɓi mulki a Yamai, daminar bara kuma ta bar rumbuna wayam. Zuhura na zaune a rumfar Iya, mahaifiyarta, tana ninke kayan gwanjo da ake ce wa bosho, sai ga wani dogon saurayi ya kafe moto, wato babur, a bakin rumfa, ya shigo yana ɗingishi.

Bayan sallama ya ce, “Wando nake nema na hawan moto. Mai ƙarfi, kuma mai araha.”

Zuhura ta ce, “Araha dai ba ta ado, malam.”

Tana faɗi idonta ya sauka kan sha-raɓarsa. Salansar moto ta lashe wurin, fata ta saɓule, wandon yadin da ke jikinsa kuwa ko sauro ba zai tare ba. Tausayi ya kama ta, ta yi maza ta kau da kai.

Sunansa Bube, Bafulatanin Issawane. Fari ya cinye garken gidansu, ɗan abin da ya saura a rabonsa ya sayar ya sayi moto, ya shiga kabu-kabu tsakanin Mayahi da Tasawa.

Ya nuna wani wandon soja da ke rataye. Zuhura ta dafe ƙirji.

“Kai! A wannan zamanin? Shingen farko za a sa ka tuɓe shi gaban fasinja.”

Ya yi dariya, wushiryarsa ta bayyana. Nan fa zance ya lalace wa Zuhura, don ninkin da take yi sai da ta warware shi sau biyu.

Akwai wandon moto na ainihi guda ɗaya da ya fito cikin dilar bosho, baƙi, mai tudu a gwiwa. Bube ya ji kuɗinsa, ya ajiye shi a hankali kamar ƙwai. Wandon jin kuma ta hana shi, ta ce kwalta ba ta jin kunyar jin, shafa ɗaya take yi masa. Daga ƙarshe ta tono wani wandon ma'aikata mai kaurin tamfol.

“Wannan aljihunka zai ɗauka. In aka naɗa masa kirgi a gwiwa da ƙugu, ya fi wancan na Turawa. Kana da fata?”

Bube ya sunkuyar da kai. Can ya ce, “Akwai guda.”

Zuhura ɗiyar Na Allah baduku ce, tun tana ƙarama take zare masa zare. Da Bube ya kawo kirgin, ja mai laushi, sai ta yanka ta ɗinka da kanta, da rana tsaka, lokacin da Baba ke rumfarsa. Kwana huɗu basilla na huda mata yatsa, ita kuwa ko a jikinta.

Ranar da ya sa shi, saƙo ya shigo wayarta:

“Gwanata, yau na je Mayahi na dawo, salansa ta yi ta nema ba ta samu ba. Allah shi bar mini hannun nan.”

Ta mayar masa:

“Ɗan Fulanina, hannu kaɗai kake so a bar maka? Sauran fa, a kai kasuwa?”

Ba a jima ba ya amsa:

“Duka nake so, har da tsiwar.”

To, abin da ya fara da wando ya kai ga zance a ƙofar gida. Iya ta gani ta yi kamar ba ta gani ba. Na Allah kuwa da ya ji, sai ya ajiye basilla.

“Ɗan kabu-kabu? Ba a gidan nan ba. Ki dubi yayanki Tanko.”

Ba ƙeta ce ta sa shi ba. Tanko ya faɗi da moto shekara uku da suka wuce, gwiwa ta tashi aiki, har yau a zaune yake salla. Tun daga ranar Na Allah ko ƙarar moto ya ji sai ransa ya ɓaci.

Ga kuma Jatau, dillalin fatu. Shi fari riba ya zame masa, don shanu na faɗuwa yana tara fata. Ya daɗe yana kewaya rumfar Iya yana sayen rigunan da ba ya sawa. Da ya ga wandon a jikin Bube, sai ya wanke ƙafa ya sami Na Allah gaban mutane.

“Baba, ni fa ba gulma ba. Bana a Issawane wa ya yanka saniya? Faɗuwa suke yi. Fatar mushe ce yaron nan ya manna a gwiwa, kuma da ita yake durƙusawa a sahu. Wai ma a gidanka aka ɗinka.”

Subhanallahi! Malamai sun sha faɗi cewa fatar mushe, ko an jeme ta, ba a salla da ita. Na Allah, da ya yi shekara arba'in yana dukanci ba a taɓa kama shi da irin wannan ba, ya tashi ya nufi gida.

“Zuhura, ke kika ɗinka?”

“Ni ce, Baba.”

“Kin tambaye shi asalin fatar?”

Ta tambaya mana, har sau biyu. Duk sanda ta ce wace saniya ce, sai Bube ya sunkuyar da kai ya ɗauko wani zance. Yanzu shirun nan ya dawo mata da wata fuska. Ta shige ɗaki ta rubuta, hawaye na ɗiga kan waya:

“Bube, ashe mushe ka ba ni na ɗinka da hannuna? Ka zubar da mutuncin Baba. Ka cire wandon nan, kar ka sake sa shi. Kar kuma ka kira ni.”

Amsarsa ta zo gajeruwa:

“Haka kika ɗauke ni, Zuhura? To.”

Ba Gwanata, ba komai. Wannan “to” ɗin kwana shida yana cin ta.

Ran kasuwa da hantsi, wani mai amalanke ya tsaya shan ruwa kusa da rumfa yana ba da labari. Wai wani ɗan kabu-kabu ya kauce wa jaki wajen Maijirgi, moto ta kwashe shi, kwalta ta ja shi ya fi taku ashirin. Dogo ne, Bafulatani.

Rigar da ke hannun Zuhura ta faɗi ƙasa. Ba faɗuwar moton ce ta fi kashe mata jiki ba, saƙonta ne. Ita ta ce ya cire wandon. In ya bi maganarta, da wandon yadi ya hau, kuma ta san abin da kwalta ta yi wa Tanko.

Ta kira, waya a kashe. Ta sake kira. Iya na cewa, “Ke, tsaya!” ita kuwa ta riga ta fita, ba ta ma san ina ta nufa ba, sai ta tsinci kanta a rumfar Baba tana kuka kamar yarinyar goye.

“Baba, na kashe shi. Ni na ce ya cire.”

Na Allah ya miƙe yana lalubar takalmi.

Sai ga Bube ya kunno kai layin dukawa yana tura moto, fitila a fashe, hannu naɗe da bandeji. Da ƙafafunsa yake tafiya, duka biyun. Wandon na jikinsa, kirgin gwiwar hagu ya goge ya yage yana lilo.

Zuhura ta zauna daɓas a ƙasa. “Alhamdu lillahi! Alhamdu lillahi da ba ka jin magana!”

Bube ya durƙusa, a kan gwiwar nan da ta sha kwalta, ya gaida Na Allah. Tsohon ya tsura wa gwiwar ido tana lanƙwashewa lafiya lau, ya daɗe bai ɗauke ido ba.

“Tashi, yaro. A karɓo masa wani wando wajen Iya. Wannan ka ba ni.”

Mutane sun taru, har da Jatau a baya-baya. Na Allah ya ɓalle kirgin, ya juya cikinsa, ya ɗaga shi ga rana. Ya shafa, ya shinshina, ya sake ɗagawa.

“Jatau, matso. Kai fata kake saye, ni fata nake karantawa. Dabbar da ta mutu da jininta, jinin na kwana a jijiya, ko an jeme sai ka ga zane-zane baƙi a ciki kamar saiwa. Nuna mini guda a nan.”

Jatau ya leƙa, ya ce ai shi ma ji ya yi. Kafin a juya ya tuna yana da baƙi a tasha.

Na Allah ya dubi Bube. “Yankakkiya ce. Mi ya hana ka faɗi?”

Bube ya sunkuya, muryarsa can ƙasa. “Saniyar innata ce, Baba. Ita ta saura. Kwana biyu muna ɗaga ta da itace tana komawa. Da na ga ba za ta kai gobe ba, ni na sa mata wuƙa, liman na tsaye. Mu a wurinmu, mutum ba ya buɗe baki ya ce ya yanka saniyar uwarsa.”

Zuhura ta rufe fuska da gyale, kunya da daɗi suka haɗe mata, ta rasa wanda za ta fara ji.

Na Allah ya yi gyaran murya, ya ja wandon gabansa yana bin ɗinkin da yatsa.

“Wannan ɗinki ne ko shuka? Dubi tazara! Allah ne ya tsare ka, ba ita ba.” Ya zura zare a basilla. “Jibi ka zo ka karɓa. Ka kuma sayi hular kwano kafin ka turo manyanka, in ba haka ba su koma.”

Da la'asar saƙo ya shigo:

“Gwanata, kin ji an ce ɗinkinki shuka ne. Ni dai na ga amfanin gonar.”

Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa:

“Ɗan Fulanina, ka yafe mini. Daga yau in na ce cire, ka tambaye ni sau uku.”

Allah da ikonsa, daminar bana ta yi kyau. Bayan an ɗaure dammunan gero aka ɗaura aure a ƙofar gidan Na Allah, Tanko ne ma ya raba goro. 'Yan kabu-kabu suka cika layi da ƙarar oda, suna jiran a ɗora amarya bisa moto. Na Allah ya ce atafau, a mota za ta tafi, ko da akori-kura ce. Aka yi ta dariya, aka nemo mota.

Da aka fito da Zuhura lulluɓe, Iya na sharar ido, tsohon ya kama hannun Bube ya ja shi gefe. Ta cikin mayafi tana jin su.

“Ɗana, ban tambaye ka dukiya ba. Abu ɗaya nake roƙo.” Ya ƙara riƙe hannun Bube. “Duk inda ka je, ka riƙa dawo mata da ƙafafunka. Allah shi yi muku albarka, shi tsare hanya, shi mayar muku da garke.”

Bube ya ce amin. A cikin mayafi Zuhura ta ce tata amin ɗin, ta saki wata doguwar ajiyar zuciya.