Ɗan Iskan da Take So

Ranar da aka jawo tsohuwar motar kakanta zuwa gareji, ita ce zaune a sitiyari. Makaniken ya ɗago daga ƙarƙashin wata mota, ya nufi gaba zai buɗe boneti, ta ce, "Malam, injin a baya yake."

"Na sani, ranki ya daɗe. Ke nake son gani da kyau."

Ta ɗaure fuska, amma dariya ta ci amanarta.

Injin ya mutu murus. Kowa a gida cewa yake a sayar wa masu gwangwan, don mutanenmu da sun ga abu ya tsufa sai su hau yi masa makoki, ba mai tambayar me ya kashe shi. Ita kuwa tambaya ce abincinta. Me ya sa ba lagireto? Ina ruwan yake shiga?

"Ba ya shan ruwa," in ji shi. "Iska yake sha. Ga fanka, ga haƙarƙarin da ke watsa zafi."

Ya nuna mata injuna irinsa. Babban yana da ƙarfi, amma zai wahalar da giyar motar, ga zafin rai. Na motar kaya juriya gare shi, sai dai a yanke bodi kafin ya zauna. Ƙaramin ba ya gudu, amma zai shige ramin tsohon injin kamar don shi aka yi.

Kullum sai ta dawo da sabuwar tambaya, har ya raɗa mata Uwar Tambaya.

"Uwar Tambaya, yau gareji shiru," ya rubuto mata. "Har sifanu sun yi kewarki."

"Baƙin Mai, gaya musu ina hanya," ta mayar masa da nasa laƙabin.

Babanta kuwa ɗan amininsa yake so ta aura, dillalin motoci, wanda ya ce a fasa gaban motar a dasa injin zamani a huta.

Wata safiya tana waya a tsakar gida, ta ce, "Na gama shawara. Ɗan iskan nan nake so, ƙaramin. Ko ba ya sauri, shi zan zauna da shi."

Baba na bayan labule. Ya fito yana huci. "Da bakinki kike kiransa ɗan iska, kuma shi kike so? Ƙafarki ta sake taka garejin nan, ki gani!"

Bai tsaya jin bayani ba. Ya saɓa riga ya fita, ta bi shi a guje.

Yana isa garejin ya daka tsawa, "Ina ɗan iskan da 'yata ke so?"

Makaniken ya durƙusa ya gaishe shi. "Baba, ga shi can, jiya na ɗaura shi a motar don gwaji." Ya miƙe ya je ya murza makulli.

Motar ta yi tari, ta kama, ta shiga wannan ƙara tata mai kama da ta keken ɗinki. Baba ya tsaya cak. Ya dafa bodin a hankali. "Da wannan kukan nake gane mahaifina ya shigo layi."

Ya share ido, ya dubi saurayin. "To, injin na gani. Kai fa?"

"Ni ma ba na sauri, Baba, amma ba na barin mutum a hanya."

Ranar aure, a motar kaka aka ɗauko amarya, manyan motoci na biye a dole sannu-sannu. Baba ya leƙo taga. "Allah Ya yi muku albarka. In zafi ya taso, ku sha iska."