Hannun Saude

"Rufe idonki, Saude. Duk inda kika ji na taɓa, ki nuna min."

Ta rufe tana murmushi. Daudu, malamin ɗakin magani na mishan a Roni, kuma saurayin da za ta aura, ya ɗora gashin kaza a goshinta. Ta nuna. Ya kai wuyanta, ta nuna. Sai ya sauke shi kan tabon nan da ya fito mata a hannun dama, ya shafa, ya sake shafawa.

"Masoyi, ka taɓa mana... me kake jira?"

Daudu ya janye gashin. Ya san kuturta in ya gan ta, aikinsa ke nan. Ya kuma san in Baturiyar likita ta ji, asibitin kutare za a kai Saude can wajen Kano, mahaifinsa kuwa, Baba Maikasuwa dattijon ikilisiya, ba zai ƙara sauraron zancen auren ba.

"Kyasbi ne kawai, hasken idona. Ki riƙa rufe shi da mayafi."

Wai shi so ke nan. Allah ya raba mu da irin wannan so.

Damina ta wuce, wata ta zagayo, yana can yana haɗa kayan aure, ciwo yana cin yarinya. Ran nan ta sauke tukunya daga murhu da hannu, ba ta ji zafi ba sai ƙauri. Mas'uda, wadda ta daɗe tana son Daudu, ita ta gani, ko zama ba ta yi ba ta kai wa Baba Maikasuwa labari. Don mugunta ta yi, amma muguntar tata ce ta sa aka kai Saude asibitin kutare aka fara yi mata magani.

Ƙunar ta ruɓe, yatsu uku suka tafi. Baturiya ta ce da tun bara aka kawo ta, da hannun ya tsira.

Ran Lahadi Daudu ya miƙe a majami'a.

"Na gani na ɓoye. Na yi wa Ubangiji zunubi, na cuci Saude... ku roƙa min gafara."

"Ka tuba, mun ji," in ji mahaifinsa. "Amma kuturwa ba za ta shigo gidana ba."

Daudu bai saurare shi ba. Da aka gama girbi ya bi motar gyaɗa har asibitin. Ya sami Saude ƙarƙashin tsamiya tana koya wa mata waƙar Yesu, suna kuskurewa tana ƙyalƙyala dariya. Bai taɓa jin ta yi irin wannan dariya ba ko a gida, abin ya ƙara ƙona masa rai.

Ya durƙusa.

"Saude, ki yafe min. Na bar gidanmu, zan nemi aiki a nan, mu yi aurenmu."

"Tashi, Daudu, mutane na kallo."

"Ba ki ƙi ni ba?"

"Na ƙi ka ƙwarai. Na kwana ina kuka ina zaginka, har da Allah na yi fushi. Da na gaji na faɗa wa Almasihu, shi ma da rauni a hannunsa, ya san abin da nake faɗa. Tun daga nan na samu sanyi."

"To, mu..."

"Dakata. Allah ya yafe maka tun ranar da ka tuba, shi sau ɗaya yake yi. Ni kuwa kullum da safe nake sake yafe maka, in na zo ɗaura zani na kasa. Daga nesa ina iyawa, masoyi. In kana kwance kusa da ni, ban san ko zan iya ba."

Hawaye ya zubo masa. Ita ma ya zubo mata, ta share da bayan hannu.

Aka buga ƙararrawar sujada. Ta koma cikin matan, ta ɗauki waƙar daga inda suka tsaya, muryarta ta fi ta kowa tashi. Daudu ya san waƙar tun yana yaro. Ya buɗe baki zai amsa, waƙar ta ƙi fita.