Madarar da Babu Ita a Kanti

"Ba ita ba ce!"

Uwaliya ta ture kofin har madarar ta fantsama a kan tabarma.

Jelani ya dubi matarsa, ya dubi kayan da ya jera a gabanta. Tun da hantsi ya bar injin ban-ruwan da yake gyarawa a fadamar Wurno, ya tafi Sakkwato ya zagaye kantuna, ya dawo da madarar cakulan kala biyar. Kwana huɗu ke nan ba abin da ke zama a cikinta, ga ciki wata bakwai, kuma madarar cakulan kaɗai take ambato.

"Haba Uwalina... kurɓi ɗaya hwa kika yi."

"Ɗaya ya isa. Wagga ta kwali zaƙi ne kawai, kamar an jiƙa alewa a ruwa."

"To ga ta roba."

Ta kurɓa, ta yamutsa fuska. "Tsararo. Ƙamshi ya cika hanci, baki bai samu komi ba."

"Ta gwangwani hwa? Mai kanti yac ce ita manya ka sha."

"Tana da kauri... amma ƙarfe nike ji a harshena."

Ta huɗu gari ce, shi ya dama mata da hannunsa. Ta ce duk ta kwanta a gindin kofi. Da ta zo kan ta biyar sai ta lumshe ido, ta ƙara kurɓa. Jelani ya matso kusa.

"Ita ce?"

Hawaye suka gangaro mata. "Ta kusa... Amma waccan in ka haɗiye, akwai ɗan ɗaci a baya, sannan wani ɗumi ya bi maka maƙogwaro. Wagga ba ta da shi."

"To wai mi ne sunanta? Hwaɗa mani, ko Kano ne in tahi!"

"Ban sani ba! Cikin kwalba take, takardar jikinta ta ɓare. Baba ne ke zo mani da ita duk ranar da ya kai albasa birni..."

Ta kama bakinta. Shekara biyu ba a ambaci Baba a ɗakin nan ba.

Mahaifinta, Malam Maccido na Giyawa, yana da fili a fadamar da ke shan ruwan dam ɗin Goronyo, gadon mahaifinsa. Da rigimar iyaka ta tashi, Mode, mahaifin Jelani, shi ya ba da shaidar da ta raba shi da rabin filin. Bayan shekara uku sai ga Uwaliya, 'yar Malam Maccido tilo, ta ce ɗan Mode take so. Bai hana ba. Ya wakilta ƙanensa ya ɗaura auren, ya ce mata, "Na ba ki abin da kike so. Ƙohwar gidana kuwa, ki mance da ita."

Jelani ya tattara kofunan.

Washegari ya fita tun da safe, bai dawo ba sai bayan la'asar. Ya ajiye mata wata kwalba a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma.

"Gwada wagga. A Rabah na same ta."

Ta zuba kaɗan, ta kai baki. Kauri ya fara cika mata harshe. Ta haɗiye. Ga ɗacin nan a baya, ga ɗumin yana sauka a hankali har ƙirjinta. Ta shanye kofin, ta ƙara, ta kuma ƙarawa, cikinta bai motsa ba.

"Jelani... wane kanti ne a Rabah?"

"Wani ne nan... bakin tasha."

"Dube ni."

Bai dube ta ba.

"Kwalbar kanti ba a toshe ta da leda da zare. Don girman Allah, ina ka tahi?"

Ya zauna a bakin gado, ya dafe kai. "Giyawa."

"Giyawa!"

"Wajen Innarki na nuhwa, in tambaye ta sunan madarar. Sai ta yi dariya, ta koma kuka. Tac ce babu ita a kanti, Uwali, ba a taɓa sai da ta ba. Ranar da Baba ya hwara sawo maki ta birni, zahin rana ya lalata ta a hanya, kika yi ta kuka. Tun daga nan garin cakulan kawai shike sawowa, mai ɗaci, marar sukari. Shi biya ruga shi amso madarar da anka tatsa, shi dahwa da kanshi da kanumhwari da 'yar citta kahin ki taso makaranta. Shi zuba a kwalba, shi ce daga birni take."

Uwaliya ta toshe baki da mayafinta.

"Muna cikin magana sai ga shi ya shigo. Na duƙa na gaishe shi, bai amsa ba. Inna ta hwaɗa mashi halin da kike ciki. Ya daɗe tsaye... sai ya ɗauki ƙwarya ya hita. Da idona na ga dattijon nan durƙushe gaban murhu, hayaƙi na shiga mashi ido, shina motsa tukunya. Da ya gama ya miƙo mani, yac ce kada in kuskura in ce shi ne."

"Ya huce!" Ta miƙe tana dariya tana kuka. "Wallahi Baba ya huce! Gobe ka kai ni!"

"Masoyiyata, ki bari tukuna..."

"Gobe!"

Da safe suka shiga mota zuwa Goronyo, daga nan suka ƙarasa fadamar. Tun daga nesa ta hango shi a tsakiyar albasa, ya naɗe wando zuwa gwiwa, yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya. Ya rame. Gemunsa ya yi fari fat.

Ta bi kan kunyar gonar a hankali, ta durƙusa a cikin laka da cikinta.

"Baba... ina kwana?"

Fartanyar ta tsaya, amma bai juyo ba.

"Baba, na sha. Na gane hannunka. Ka yahe mani, don Allah... ɗiyarka ce, Uwaliya."

Ruwa yana ta gudu a tsakanin ƙafafunsa. Can ya yi magana, idonsa a ƙasa.

"Wanda ke cikinki bai yi mani komi ba. Shi na dahwa wa, ba ke ba."

"Baba!"

Ya ɗaga kai ya dubi Jelani, karo na farko. "Kai, ɗan Mode. Duk Jumma'a ka zaka ka amsa. Kai ɗaya. Yanzu ɗauke ta daga cikin sanyin ga."

Ya ci gaba da aikinsa.

Haka aka yi. Duk Juma'a kwalba tana zuwa, Uwaliya tana sha tana kuka. Ta yi ƙiba, ƙarfinta ya dawo. Kullum sai ta tambaya, "Ya tambaye ni?" Kullum Jelani sai ya ce, "Sannu a hankali, Uwalina."

Ranar wata Talata ta haifi namiji. Jelani da kansa ya roƙi mahaifinsa aka sa wa yaron Maccido. Inna ta zo suna da ƙwaryar fura. Baba bai zo ba.

Juma'ar da ta biyo baya, Jelani ya shirya ya tafi Giyawa kamar yadda ya saba. Uwaliya ta wanke kofinta ta ajiye kusa da ita. Tana jin ƙarar mashin ɗinsa ta gyara zama.

Ya ɗaga labule ya shigo. Ba komai a hannunsa.

"Ina take?"

Ya durƙusa a gabanta, idonsa jawur.

"Jelani, mi yac ce?"

"Yac ce Allah shi raya takwara nai... Yac ce yaro ya iso duniya, nonon uwa tai ya ishe shi. Kada in ƙara zakuwa."

Yaron ya motsa ya fara kuka, Uwaliya ta ɗauke shi ta sa masa nono. Yana sha, hawayenta na ɗiga a kansa, Jelani yana share su da tafin hannunsa.