Rana Biyu a Hoto Ɗaya

A kasuwar Makarfi, zamanin Turawa, Lantana ta fara ganin Iliyasu mai hoto, ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle bayan akwatinsa mai ƙafa uku. Ta yi ta dariya har ya leƙo.

"Zauna, sarauniya, kada ki motsa," ya ce. "In na cire murfin nan haske zai shiga. In ya daɗe ki fito fari fat, in ya gaza ki fito baƙi ƙirin."

"In rana ta ƙwalle fa?"

"Sai in tsuke ƙofar hasken. Amma duba inda rana take bugun fuska tukuna."

Hoto dai ya fito, zuciya ta tafi. Da Iliyasu ya nemi aurenta, mahaifinta, Malam Ashafa na Gazara, ya ce ɗaukar surar mutane ba sana'a ba ce. Da ƙyar da siɗin goshi ya sauko.

Ana shirin kai sadaki, sai ga Tanko, aminin Iliyasu kuma abokin sana'arsa, fuska kamar ta mai ta'aziyya. Ya miƙa mata hoto: Iliyasu tsaye, wata Sabuwa 'yar Ikara jingine a kafaɗarsa.

"Na kasa ɓoye miki ne. Ni da kike gani ba zan yi miki haka ba."

Wayyo Lantana! Ta yi kuka har idanu suka kumbura. Abin da ya fi ƙona mata rai, ita ta tsaya wa Iliyasu gaban mahaifinta. Ta aika a ce kada ya sake tako ƙofar gidansu.

Ranar da ta ɗauko hoton za ta jefa a murhu, ta yi masa kallon ƙarshe. Rana ta bugi kuncin Iliyasu na dama, ta bugi na Sabuwa na hagu. Hannunta ya tsaya.

Ta sa aka kira Iliyasu da Tanko gaban Malam.

"Baba, duba nan. Rana biyu ce a Makarfi?"

Tanko ya sunkuyar da kai. Gilashin ɗaukar hoto guda ɗaya ya buɗe wa murfi sau biyu, aboki da safe, baƙuwa da yamma. Iliyasu bai zage shi ba, hawaye kawai ya share, don kwano ɗaya suke ci tun suna yara.

Bayan girbi aka ɗaura aure, Allah ya ba da zaman lafiya. Hoton biki kuwa babu ango a ciki. Bai da sauran amini da zai riƙe masa murfi.