Maganin Saje Rabo

Ana tsakiyar azumi, rana kamar ta fasa kai, aka kira Sufeto Mu'awiya daga Bouza. Wani tsohon soja, Saje Rabo, ya rasu a ƙauyensu, kuma manjo, wato babban nas ɗin da ke shugabantar ƙaramar likitar garin, ya ce matarsa ce ta kashe shi da allura.

Mu'awiya ya gaji da irin wannan kira. Mutum ya tsira daga harsashi a bakin daga, ciwon sukari ya kayar da shi a gida, sannan a lalubo mai ƙaramin ƙarfi a ɗora mata.

Ya tarar da matar, Zaliha, a bakin ɗaki, idanu sun kumbura.

"Ni ka yi mishi allurar, sahe da marece," in ji ta. "Yadda anka gwada min, haka nika yi. In na yi kure, ku tahi da ni."

Ta miƙo kwalbar maganin sukarin. Maganin ya yi gudaji, ga wani jan tabo a jikinta.

A likita, Manjo Tasi'u ya tarbe shi da fara'a har da ta sayarwa.

"Gwamnati ta kawo muna firijo don maganin tsohin sojoji, Sufeto. Bai taɓa hita ciki ba. Jahilci na, ta ƙara mishi awo."

"Buɗe in gani."

Magunguna jere reras. Amma firijon ƙamshin citta da kanumfari yake yi. Mu'awiya ya taɓa bangonsa, sanyi ƙarara. Ya taɓa kwalabe, ɗumi.

Ya ja Lois, mai taimaka wa manjon, gefe.

"Ban san komi ba," ta ce, ido a ƙasa.

"To, Zaliha za ta yi takaba a kaso."

Lois ta fashe da kuka. "Tun farkon azumi, kullum da hantsi shina kwashe magani shi aza bisa taga. Sobon da matatai ka saidawa da shan ruwa shika cikawa ciki. Da munka ji motarku yam maida su."

Tasi'u bai yi dogon musu ba. Ya zauna daɓas.

"Na azumi ɗai na, Sufeto."

"Ka san zahi na kashe maganin ga?"

"Na sani."

Mu'awiya ya sa masa ankwa, ko tsawa bai iya yi ba don takaici. Ya umarci Lois ta aika a karɓo sauran kwalaben daga gidajen tsofaffin sojoji kafin magariba.

Sannan ya koma wajen Zaliha, yana zaton albishir ya kai mata.

"Ba ki da laihi, Inna. Maganin ne ya lalace tun a likita."

Ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

"Shina ce min, Zaliha, jikina bai jin maganin ga. Ni kau ina ce mishi, soja da raki?"